Gilasan Aro

Shafi na 23

Masu cika min akwatin saƙo da "ina ci gaban?", na ji ku, ga shi. Ke kuma baiwar Allah da kika ce in sassauta wa Tsinke haka nan, wai ta sha wuya, ki yi haƙuri. Ba ni na jefa ta a wannan makarantar ba. Yadda abin yake, haka zan faɗe shi.

*

Tun kafin ta gama shigowa harabar makaranta ta jiyo muryar Rediyo. Ƙawarta ce, benci ɗaya suke zama tun ajin farko, kuma ba a banza aka laƙaba mata sunan ba.

"Tsinke! Ke Tsinke! Ɗago ƙafa, sun iso!"

"Su wa? Masu dubawar?"

"Waɗanne masu dubawa da sassafen nan? Kaya! Kayan gwaji! Wallahi ɗakin nan sai ƙyalli yake kamar shagon mai sayar da madubi."

Tsinke ba ta gudu a gaban mutane. Ko an kaɗa ƙararrawar makara, tafiyarta take yi, kai a sama, jakar da ta sha ɗinki rungume a ƙirji. Amma yau ƙafafunta suka ci amanarta.

Ɗakin yana can ƙarshen baranda. Shekara uku tana ajin kimiyya, shekara uku tana wucewa ta gaban ƙofar da aka rubuta wa ƊAKIN GWAJI da jan fenti, ciki kuwa ba komai sai karyayyun kujeru da kashin jemage. Jiya aka dakatar da darasi, aka sa su suka kwashe tarkacen, suka wanke ƙasa har hannayensu suka yi fari. Dalili kuwa, yau hukumar jarrabawa za ta turo mutanenta su gani da idonsu ko makarantar ta isa ta zaunar da 'yan ajin kimiyya jarrabawar fita.

Ta kutsa tsakanin 'yan ajinsu da suka yi dafifi a taga.

Ta leƙa ciki.

Duk abin da Malam Mu-Ƙaddara ya taɓa zana musu a allo, ga shi nan tsaye da jikinsa. Shi ne malaminsu na kimiyya, kuma da bakinsa ya jawo wa kansa sunan, don haka yake buɗe kowane darasi. "Mu ƙaddara wannan kwalba ce. Mu ƙaddara na zuba asid. Mu ƙaddara ya canza launi." Sun ƙaddara har sun gaji da ƙaddarawa.

Yau babu ƙaddarawa. Ga kwalabe masu faɗin gindi a jere. Ga mazurari. Ga dogon bututun gilashin nan mai layukan awo, wanda ta zana a littafinta sau ba adadi, an kafa shi a jikin ƙarfe, hasken safiya yana bin jikinsa.

"Ashe siriri ne haka," ta faɗa a hankali.

"Ɗan'uwanki ne ai," in ji Rediyo. "Tsinke ya ga tsinke."

Aka kwashe da dariya. Ita ma ta murmusa.

Sai ta ji tarin wata mota daga bayan ginin. Ko cikin barci ta san wannan tarin. Kullum da shi take farkawa.

Ta zagaya.

Tsohuwar motar ɗaukar kayan mahaifinta ce, bayanta a buɗe, shi kuma yana ninke tsofaffin jaridu yana cusawa cikin kwalayen da babu komai.

"Baba?"

"A'a, Uwata! Har kin iso? Zo ki danne min bakin kwalin nan, iska na neman ta raina ni."

Ta danne.

"Kai aka ba ɗauko su? Daga ma'aikatar ilimi?"

"Wace ma'aikata kuma? Daga makarantar nan ta bayan asibiti, mai shuɗin gini."

"Sun ba mu?"

"Sun ara muku dai. Da la'asar zan mayar."

Hannunta ya saki kwalin. Iska ta ɗauki jarida ɗaya ta yi gaba da ita.

"Da la'asar ɗin yau?"

"To da ta yaushe? Makon jiya ma wata makarantar na kai su, can bakin gada. Kwalaben nan da kike gani sun fi ni sanin gari." Ya dube ta, ya ga fuskarta ta canza. "Haba, Uwata, mene ne na ɓata rai? Aro ai ba abin kunya ba ne. Mu ma in baƙi suka yi mana yawa, ba wajen maƙwabta muke aron kujeru ba?"

"Baba, kujera kafin a mayar da ita an zauna a kai."

Ya yi dariya har yana dukan jikin mota.

"Bakin nan naki! Ku zauna a kai mana kafin in dawo. Ni dai siminti na jirana a kasuwa."

Ta tsaya tana kallonsa yana murɗa makulli, motar tana ƙi, yana lallashinta kamar jaririya. Tun farkon shekara ya faɗa mata, ba da faɗa ba, kansa a ƙasa: bana ce iyakar ƙarfinsa. Ƙannenta na biye da ita, motar kuma ta tsufa. In ta zauna jarrabawa bana, ta zauna. In ba ta zauna ba, shi ke nan.

Motar ta tashi. Ya ɗaga mata hannu ya fice ta ƙofar baya.

*

Ba a gama taron safe ba aka ce Shugaba na kiranta.

A ofis ta tarar da Malam Mu-Ƙaddara tsaye a gefe, ya sha farar riga irin ta masu gwaji, hannun rigar bai kai masa wuyan hannu ba. Ita ma ta aro ce.

Shugaba ba ta ɗago kai ba.

"Ke ce ta ɗaya a ajinku."

"Ni ce, ranki ya daɗe."

"Ji ta. Ko ɗan sunkuyar da kai babu." Ta ajiye biro. "In baƙi sun zo, ke za ki yi gwajin asid a gabansu. Malam ya ce kin haddace shi."

"Na haddace. A ba ni makulli in gwada ko sau ɗaya kafin su zo."

"Ba mai taɓa komai."

"Sau ɗaya kawai, ranki ya daɗe."

"Kina da matsalar kunne ne? Ruwan da aka ba mu ɗan kaɗan ne. Kuma in wani abu ya fashe kafin su zo, ke za ki haifo min wani?"

Tsinke ta dubi Malam. Malam ya dubi takalminsa.

"In sun tambaye ki sau nawa kuke shiga ɗakin, me za ki ce?"

"Jiya muka fara shiga. Da tsintsiya."



Shugaba ta miƙe a hankali, ta zagayo tebur, ta tsaya dab da ita har Tsinke na jin ƙamshin turarenta.

"Saurare ni da kyau, 'yar nan. Kina ganin ni na ƙi sayen kayan? Na rubuta, na je ma'aikata, na zauna a benci kamar mai jiran likita, na dawo hannu biyu. In mutanen nan suka fita ba su sa hannu ba, babu ɗaya daga cikinku da za ta zauna jarrabawar kimiyya bana. Babu ɗaya. Har ke, ta ɗaya. Sai ki tafi gida da gaskiyarki ki jiƙa ki sha."

Shugaba ta kafe ta da ido.

"Sau nawa kuke shiga ɗakin?"

Tsinke ta kau da kai.

"Na ce sau nawa?"

"Duk mako."

"Ban ji ba."

"Duk mako, ranki ya daɗe."

"Madalla. Ashe wuyan yana lanƙwasuwa."

A baranda Malam ya biyo ta da sauri, rigar aro na ɗaure masa kafaɗu.

"Kada ki damu. Kamar yadda na zana muku ne, babu bambanci. Ki cika bututun har layin sifili, ki ɗiga ruwan launi a kwalba, ki buɗe famfo a hankali. Mu ƙaddara…"

"Malam, don Allah. Yau dai kada mu ƙaddara."

*

Rana ta ɗaga sosai kafin farar motar hukuma ta shigo ta babbar ƙofa.

Mutum biyu ne. Wani dattijo mai furfura, tafiyarsa ta wanda ya gaji da makarantu, da wata mata mai tabarau da ba ta kai shi shekaru ba. Aka jera 'yan aji a jikin bango, kowacce ta goye hannu a baya kamar yadda aka umarce su, don kada hannun wata ya yi karambani.

Mai furfura ya bi teburan da kallo. Ya tsaya a kan wata kwalba mai ɗan tsagi a baki. Ya daɗe yana dubanta, kamar wanda ya haɗu da tsohon maƙwabci a wata unguwa. Sannan ya ɗaga kai ya kalli rufi.

"To, Shugaba. A nuna mana."

"Ga ɗalibarmu. Ita ce ta ɗaya."

Tsinke ta fito.

Ba ta ji tsoro ba. Me za ta ji wa tsoro? Ko cikin dare aka tashe ta za ta karanto matakan nan daga farko har ƙarshe, ta juyo su daga ƙarshe zuwa farko. Ta faɗi sunan kowane abu da ke kan teburin ba tare da ta yi tuntuɓe ba. Ta faɗi abin da za ta yi da dalilin yinsa. Mai tabarau ta gyaɗa kai. Shugaba ta saki numfashi.

Ta ɗora mazurari a bakin bututun. Gilashin ya yi mata sanyi a yatsu, ya kuma fi yadda ta zata rashin nauyi. Ta ɗaga kwalbar asid da hannu biyu ta fara zubawa, idonta a sama, tana jiran ruwan ya hau zuwa layin sifili.

Ruwan bai hau ba.

Ta ƙara zubawa.

Sai ta ji ƙara a ƙasa. Tsrrrr.

"Tsinke!" Rediyo ta ƙwalla. "Yana fitsari!"

Ta sauke ido. Asid ɗin da take zubawa ta sama yana fita ta ƙasa, siriri, ya jiƙa farin ƙyallen da aka shimfiɗa, ya bi gefen tebur yana ɗiga a kan takalminta.

Masu kayan in sun wanke bututun sukan bar famfonsa a buɗe don ya bushe. Duk wanda ya taɓa riƙe shi ya san da haka, ya san kafin a zuba komai sai an rufe. Amma a zanen Malam famfon ɗan gicciye ne kawai, kamar alamar tarawa a lissafi. Babu wanda ya taɓa cewa a rufe shi, don a allo ruwa bai taɓa zuba ba.

Ta kai hannu ta murɗa. Ya tsaya, ta zarce, ya sake ɓallewa. Ta murɗa baya. Ya ƙaru.

"Malam!" in ji Shugaba.

Malam ya yi taku ɗaya, ya tsaya, hannayensa a sama kamar wanda aka nuna wa bindiga.

Tsinke ta toshe bakin bututun da babban yatsanta.

"Cire hannunki!"

Mai tabarau ce. Taku biyu ta yi, ta kama famfon da yatsu biyu, ta juya shi ya kwanta a gicciye. Ruwan ya ɗauke ɗif.

"Je ki wanke hannun. Maza."

Tsinke ta nufi wurin wanke hannu da ke kusurwa, ta murɗa kan famfo. Ya yi ƙugi, ya tofo tsatsa da wani mataccen gizo-gizo, ya yi shiru.

Rediyo ce ta janyo mata bokitin ruwan da aka ɓoye a ƙarƙashin tebur.

Mai furfura yana ta kallon rufi. Ka ce an rubuta masa wani abu a can.

Da ta dawo, yatsanta na zafi a inda wuƙa ta yanke ta shekaranjiya, mai tabarau ta tare ta da ido.

"'Yan mata, sau nawa kuke shigowa ɗakin nan?"

Tsinke ta ji idon Shugaba a ƙeyarta. Ta ji idanun 'yan ajinsu duka. Ta tuna kan mahaifinta a ƙasa ranar da ya ce bana ce iyaka.

Tun da take a makarantar nan ba ta taɓa satar amsa ba. An yi mata bulala a kan ta ƙi cewa ta yi laifin da ba ta yi ba, ta sha, ba ta yi kuka ba. Abin da take da shi ke nan. Ba ta da sabon takalmi, ba ta da littattafan da ake saya, amma tana da wannan.

Ta ɗaga kai.

"Duk mako, Malama."

Maganar ta fito da ɗaci kamar ta tauna ƙwayar magani.

Matar ta daɗe tana kallonta ta saman tabarau.

"Duk mako," ta maimaita. "To. Ruɗewa ce, kowa na yi. Akwai saura a kwalbar, zo ki sake. Bari in tuna miki abin da kika riga kika sani."

Ta kama hannun Tsinke na hagu ta zagaya da shi bayan bututun, ta ɗora mata yatsu a kan famfon.

"In ya kwanta, a rufe yake. In ya miƙe, a buɗe. Wannan hannun na famfo, wancan na juya kwalba. Kada ki kalli kowa. Ruwan za ki kalla."

Abin da ya rage bai kai layin sifili ba. Tsinke ta duba inda ya tsaya, ta faɗi lambar da ƙarfi. Ta ɗiga ruwan launi a cikin kwalbar da ke ƙasa, ruwan ciki ya zama rawaya. Ta miƙar da famfon kaɗan.

Ɗis.

Ɗis.

Tana juya kwalbar, tana cije leɓe. Duk inda ɗigon ya faɗa sai wani ɗan ja ya bayyana, ya ɓace. Ya bayyana, ya ɓace. Har ana jin kukan tattabaru a kan kwano.

Ɗis.

Gaba ɗaya kwalbar ta juye ta koma ruwan hoda. Lokaci ɗaya, kamar an kunna fitila a cikinta.

Ta kwantar da famfon.

"Laaa!" Rediyo ta dafe ƙirji. "Ashe da gaske yana canzawa!"

Wata ta dunguri haƙarƙarinta. Mai furfura ya yi tari mai tsawo, ya koma wa rufinsa.

Tsinke ba ta ji su ba. Ta ɗaga kwalbar saitin taga. Shekara uku tana rubuta "ya koma ruwan hoda" a takardar jarrabawa, ana ba ta maki, ba ta taɓa sanin haka yake da kyau ba. A bayanta Malam Mu-Ƙaddara ya cire tabaransa yana gogewa da rigar aro, ya daɗe yana gogewa.

"To, Shugaba," in ji mai furfura. "Mun gani. Yarinya ta iya." Ya zaro biro daga aljihu, ya cire murfin. "Ina za mu zauna?"

Wani numfashi ya zagaye ɗakin. Rediyo ta kama hannun ta kusa da ita ta matse.

"Salamu alaikum."

Kowa ya juya.

Baba ne a bakin ƙofa, hularsa a hannu, ƙurar siminti har gira. Ta ƙofar baya ya shigo, bai ga farar motar ba. Ya ga manya tsaye, ya ɗauka malamai ne, ya russuna ya gaishe su.

"Ranki ya daɗe, a gafarce ni. Masu kayan ne suka dame ni da waya. Wai kada in jira la'asar, in kwaso musu gilasansu yanzu, don masu dubawar daga nan wajensu za su wuce, suna so in riga su isa. Baƙin naku sun tafi ne, mu fara naɗewa?"

Babu wanda ya motsa.

Ya hango 'yarsa da kwalba a hannu, fuskarsa ta washe.

"A'a, Uwata, ke ce a gaba?"

"Fita," in ji Shugaba. "Fita, Malam direba. Fita!"

Ya duba hagu, ya duba dama, ya ja da baya yana ba da haƙuri.

Mai furfura ya dubi biron da ke hannunsa. A hankali ya mayar masa da murfinsa.

"Ranka ya daɗe," Shugaba ta fara, "mutumin nan bai san…"

"Shugaba, bari." Ya nuna kwalbar mai tsagin baki. "Kin ga wannan? Na fi ganinta a kan wasu jikokina. Duk makarantar da na je tana riga ni isa. Ban taɓa cewa komai ba, don na san in na ce, yara ne za su kwana a ciki. Idona ina iya kai shi rufi. Kunnena fa, ina zan kai shi? An faɗa a gaban yara cike da ɗaki. An faɗa a gaban abokiyar aikina. Kafin magariba garin nan duka ya ji. Gobe in aka kira ni aka tambaye ni, in ce me?"

"Ka taimaka, ranka ya daɗe."

"Na taimaka har na gaji. Bana babu jarrabawar kimiyya a makarantar nan."

Wata daga jikin bango ta fashe da kuka. Wata ta bi ta.

Ya juya zai fita.

"Ranka ya daɗe."

Tsinke ce. Ba ta ajiye kwalbar ba.

"Ke!" in ji Shugaba.

"Ka ce na iya. Da bakinka ka faɗa."

"Kin iya, 'yata."

"Sau ɗaya aka nuna min. Sau ɗaya. Duk waɗannan da ke tsaye, in aka nuna musu sau ɗaya za su yi. Ba mu muka aro ba. Ba mu muka ce a aro ba. Mu share ɗaki aka ce mu yi, mun share. Aka ce mu ce duk mako, na ce duk mako." Ta dubi idonsa. "Me kuma ya rage mu yi?"

"Ku yi haƙuri. In an gyara, baɗi…"

"Ba ni da baɗi."

Ya tsaya. Ya mayar da biron aljihu. Ya fita.

Tsinke ta juya wajen mai tabarau, wadda ɗazu ta riƙe mata hannu.

"Malama?"

Matar ta gyara jakarta a kafaɗa. Ta ɗaga kai ta kalli rufi. Sannan ta bi bayansa.

*

Tsinke da Malam ne suka kwashe kayan. Babu wadda ta taya su. Shugaba ta tara sauran 'yan ajin a ƙarƙashin bishiyar da ke gaban ofis, daga nesa ana jiyo muryarta tana hawa tana sauka.

A bayan ginin Baba na naɗe kowace kwalba da jarida, yana jerawa a kwali a hankali kamar ƙwai.

"Na yi katsalandan ko, Uwata? Ashe su ne baƙin. Ai da na sani da na jira a waje. In an kwana biyu zan zo in ba Shugaba haƙuri, ta huce."

Ta miƙa masa wata kwalbar.

"Amma na gan ki fa. Kowa a jikin bango, ke kaɗai a gaba, kwalba a hannu kamar wata likita." Ya yi dariya. "Yau mahaifiyarki sai ta gaji da labarin nan. Kin yi ƙoƙari dai ko?"

Ta dubi hannayensa. Siminti ya tsattsage su, jini ya bushe a bayan ɗan yatsa ɗaya.

"Na yi, Baba."

"Sun yaba?"

"Sun ce na iya."

"Alhamdu lillahi! To me ya rage? Sai jarrabawa." Ya miƙo hannu. "Kawo wannan ɗin. Zubar da ruwan, kada ya ɓata musu kwali."

Ta dubi kwalbar. Har yanzu launin na nan, bai dusashe ba.

Ta tsuguna ta tuntsurar da ita a gindin bango. Ƙasa ta shanye ruwan nan take, ta bar ɗan danshi kawai, irin wanda kowane ruwa ke bari.

Ta miƙa masa. Ya naɗe, ya sa a kwalin ƙarshe, ya ɗauka ya rungume a ƙirji.

A lokacin ne ta ji takun ƙafafu.

Ba na mutum ɗaya ba.

Suka ɓullo ta kusurwar ginin, 'yan ajinsu, idanu jajur, wasu ɗankwali a hannu. A gaba Rediyo ce. Rediyon da suke raba alli da ita, suke raba ruwan sha. Bakinta a rufe yake, karo na farko tun da Tsinke ta san ta.

"Ga shi can," wata ta faɗa daga baya. "Uban ta ɗaya."

Baba ya yi murmushi, kwalin a ƙirjinsa.

"'Yan mata, taya mu lodi kuka zo yi? Ai mun gama, Allah ya yi muku albarka."

Tsinke ta ajiye jakarta a ƙasa. Ta taka ta tsaya a gabansa, ta buɗe hannuwanta biyu, siraran nan da ake yi wa dariya.

"Duk mai magana ta yi da ni."

"Uwata, lafiya? Me ya faru?"

"Shiga mota, Baba."

"Me na yi musu?"

"Na ce ka shiga mota!"

Ba ta ga hannun da ya jefo ba. Ta dai ji iskarsa ta wuce ta gefen kunnenta.

Dutsen bai sami Baba ba.

Kwalin ya samu.